Yadda Ake Zaɓar Kalmar Ingilishi Don Bayyana Saƙonnin Da Ake Aikawa Akai-Akai

A nan Damagaram, mafi yawan waɗanda suka yi karatun boko da Faransanci suka yi shi, kuma ba su haɗu da Ingilishi ba sai a ajin farko na kwaleji, inda ake ba shi ƴan awoyi kaɗan a mako. Amma yanzu wayar hannu ta kawo harshen har cikin rumfuna da ofisoshinmu. Mai shago a Kasuwar Dole yana musayar saƙo da dillalinsa na Kano da masu kaya a Dubai da ƙasar Sin, ma'aikacin ƙungiyar agaji yana rubuta rahoto ga ofishin da ba a jin Faransanci, ɗalibin Jami'ar André Salifou kuma yana neman gurbin ƙaro karatu a Najeriya ko Gana. Na shafe shekaru ina zama da irin waɗannan mutane muna tsara saƙo tare, kuma akwai wuri guda da kusan kowa yake tuntuɓe, wato idan yana son ya ce ana aiko masa da saƙo akai-akai, ko kuwa shi ne yake aikawa akai-akai. A Hausa wannan kalma ɗaya ta ishe mu, domin murya da fuska ne suke nuna ko godiya ake yi ko ƙorafi. Ingilishi kuwa ya rarraba ma'anar cikin kalmomi fiye da goma, wata yabo ce, wata alkawari ce, wata kuma zargi ce a fili, saboda haka wanda ya ɗauki ta farko da ƙamus ya miƙo masa yana iya ɓata wa abokin hulɗarsa rai bai sani ba.

Abubuwan da za ka tanada

Abu na farko shi ne saƙonnin kansu, wato ka buɗe wayarka ka ga guda goma na ƙarshe tare da ranakun da suka shigo ko suka fita. Sannan ka sami kaye, wato littafin rubutu, da bik, da kalanda ko da ta cikin waya ce. Kana bukatar ƙamus iri biyu: na Faransanci zuwa Ingilishi domin ya nuna maka hanya, da kuma na Ingilishi zalla wanda aka shirya don masu koyo, irin na Oxford ko Cambridge ko Longman, waɗanda duk ana iya duba su kyauta a intanet. Na biyun ya fi muhimmanci, domin shi ne yake kawo jimlolin misali, kuma a cikin misali ne ake gane halin kalma. Idan ba ka da kuɗin intanet a lokacin, ka shiga saitin wayarka ka mayar da harshenta Ingilishi na yini ɗaya, za ka ga kalmomin da WhatsApp da kalanda da akwatin wasiƙa suke amfani da su, ka kwafe su a kaye.

Mataki na 1: Ka ƙirga kafin ka nemi kalma

Kada ka fara da ƙamus. Ka rubuta ranakun saƙonnin nan goma a jere, sannan ka amsa tambayoyi uku. Sau nawa suke zuwa a yini ko a mako ko a wata? Suna da lokaci tsayayye, ko kuwa duk sa'ar da mai aikawa ya ga dama? Kuma mai karɓa yana son su, ko sun zame masa kaya? Duk sauran aikin a kan waɗannan amsoshi uku zai hau. Sau da yawa mutum yakan ce mini ana aiko masa da saƙo kullum, idan muka ƙirga sai mu tarar sau biyu ne a mako, kuma Bature ko ɗan Sin da ya karanta “daily” zai ɗauka kowace rana ta Allah ake nufi.

Mataki na 2: Ka rubuta abin da kake nufi da Hausa

Ka rubuta jimla ɗaya cikakkiya da Hausa, ka sa wanda yake aikawa, da wanda ake aika wa, da abin da kake so a yi. Misali: “Ina jin daɗin farashin da kake aiko mini kowane mako, ka ci gaba.” Dalilin da ya sa nake hana mutane fara tsarawa da Faransanci shi ne, kalmomin harsunan biyu suna kama da juna a ido, sai hannu ya ɗauko mai kamar ya bar mai ma'anar.

Mataki na 3: Ka raba yawa da tsari

A nan ne gundarin aikin yake. Kalmar “frequent” tana nufin saƙonnin suna da yawa, tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce, amma ba ta ce suna da lokaci tsayayye ba. Kalmar “regular” kuwa tsari take nunawa, wato suna zuwa a kan lokaci sananne, ko da sau ɗaya ne a wata. Ka kwatanta da motocin tasha: idan mota tana tashi zuwa Matamaye duk sa'ar da ta cika, kuma tana yawan cika, wannan “frequent” ne, idan kuwa bas ce mai tashi da asuba kowace rana, ta cika ko ba ta cika ba, wannan “regular” ne. Saboda haka idan ka rubuta wa abokin ciniki “I will send you regular updates”, ka ɗauki alkawarin tsari, kuma zai sa ido ya ga ko ka cika. Idan ba ka da tabbacin za ka iya, ka rubuta “I will send you updates whenever prices change”, wato duk lokacin da farashi ya canza.

Akwai wasu uku da suke kusa da waɗannan. “Recurring” ana amfani da ita ga abu guda da aka saita ya riƙa dawowa da kansa, kamar tunatarwar biyan kuɗin haya da ka sa a kalandar waya, wadda ake kira “recurring reminder”. Kada ka rikita ta da ƴar'uwarta “recurrent”, wadda aka fi jin ta a bakin likitoci game da ciwo mai tafiya yana dawowa, ko kuma matsala mai maimaituwa; mai Faransanci yakan faɗa wannan rami domin “récurrent” ce a kansa. “Periodic” kalma ce ta rahoto da takardun ofis, tana nufin lokaci bayan lokaci, galibi da tazara mai ɗan tsawo. “Occasional” kuma ita ce jefi-jefi, ba ta kai akai-akai ba. Idan saƙon na al'ada ne, kana son ka kwantar wa mai karɓa da hankali cewa babu wata matsala, sai ka ce “This is a routine message”. Wani gargaɗi da ya kamata in yi a nan shi ne game da “ponctuel” ta Faransanci: idan saƙo ne na sau ɗaya tak, Ingilishinsa “one-off” ne ko “one-time”, domin “punctual” ana faɗinta ne ga mai zuwa a kan lokaci.

Mataki na 4: Idan ka san tazarar, ka faɗe ta

A ganina wannan ita ce hanya mafi aminci, kuma ita nake fara ba duk wanda Ingilishinsa bai yi ƙarfi ba. Kowace rana “daily” ce, kowane mako “weekly”, kowane wata “monthly”, kowane wata uku “quarterly”, wadda ita ce “trimestriel” ta Faransanci. Sau biyu a mako “twice a week” ne, sau uku a yini “three times a day”, yau a aika gobe a huta kuma “every other day”.

Ka guji “biweekly” da “bimonthly” gaba ɗaya. Su kansu ƙamusoshin Ingilishi suna ba kowacce ma'ana biyu: ta farko tana iya zama sau biyu a mako ko sau ɗaya a mako biyu, ta biyu kuma sau biyu a wata ko sau ɗaya a wata biyu. Faransanci ya raba su, yana da “bimensuel” da “bimestriel”, shi ya sa mutanenmu suke zaton Ingilishi ma haka yake. Wata ƙanwata mai aiki a ofishin wata ƙungiya ta taɓa zuwa mini da takarda da aka rubuta “biweekly” a cikinta, idanunta sun yi ja saboda gajiya, ta ce: “Yaya, dubi abin da suka rubuto, ni rahoto biyu nake haɗawa kowane mako, Litinin da Alhamis.” Na ce ta aika ta tambaya da jimla ɗaya: “Do you mean twice a week or every two weeks?” Amsar da ta dawo ita ce sau ɗaya a mako biyu, ashe wata guda ta yi tana ninka aikinta har sau huɗu. Idan kai ne mai rubutawa, ka sa “every two weeks”. Mutanen Ingila suna kuma cewa “fortnightly”, amma a Amurka ba a cika jin ta ba. Haka nan kada ka ɗauko “tous les quinze jours” ka mayar da ita “every fifteen days”, domin mai Ingilishi zai ƙirga kwana 15 cif, alhali mako biyu kake nufi, wato kwana 14.

Ka kuma lura da bambancin “every day” da “everyday”. Mai rabe biyu ita ce kowace rana, kamar a “We send the prices every day”. Wadda take haɗe kuwa siffa ce mai nufin na yau da kullum, abin da aka saba da shi, kamar a “everyday messages”.

Mataki na 5: Ka auna nauyin kalmar

Wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran babur ya taɓa kirana shagonsa da yamma, ya miƙo mini waya, gilashinta duk shatin man inji, ya ce: “Malam, duba mini, ni godiya na ce yaron nan ya yi wa mutumin, amma tun ranar ya daina aiko da farashi.” Ɗansa, wanda yake ajin ƙarshe na kwaleji, yana tsaye a gefe ya sunkuyar da kai. Abin da ya rubuta shi ne “Thank you for your constant and repetitive messages”, mai kayan kuma ya amsa da ban haƙuri, ya ce ba zai sake damun su ba. Yaron bai yi kuskuren nahawu ko ɗaya ba, kalmomin ne suke ɗauke da ƙorafi.

“Constant” tana nufin babu tsayawa, kuma idan aka jingina ta ga saƙo ko kiran waya, kusan kullum ƙosawa take nunawa, ko da yake a “constant support” yabo ce. “Repetitive” tana nufin abu ɗaya ake ta nanatawa har ya gundure. “Incessant” ta fi su duka zafi, kada ka taɓa ta sai idan da gaske kana son a san ranka ya ɓaci. “Repeated” tana tsaka-tsaki, amma akwai wurin da take da kaifi mai amfani, wato wajen bin bashi: “Despite repeated reminders, we have not received the payment” tana nufin duk da tunatarwar da aka yi ta yi, kuɗi ba su shigo ba, kuma magana ce mai ƙarfi wadda ba ta fita daga ladabi ba.

Siffar jimla ma tana ɗaukar fushi. “You always send the prices on Monday” bayani ne kawai, amma “You are always sending me messages” ƙorafi ne, daidai da a ce da Hausa ka cika aiko mini da saƙo. Haka “You keep sending me messages” take, sai dai idan ka juya ta ta zama roƙo, “Please keep sending me the prices”, ta koma neman a ci gaba. Idan kuwa da gaske saƙonnin sun yi maka yawa, ba sai ka siffanta su ba, ka nemi abin da kake so kai tsaye: “Could you send the updates once a week instead of every day?” Wanda ba ka san shi ba, yake turo maka talla ba tare da ka nema ba, saƙonsa “unsolicited messages” ne a harshen takarda, “spam” kuma a bakin kowa. Kada ka ƙara mata harafin jam'i kamar yadda ake yi a Faransanci, ka ce “spam messages” ko “a lot of spam”, kuma kada ka faɗe ta ga wanda kuke ciniki da shi.

Mataki na 6: Ka kira saƙon da sunansa

Sau da yawa ba ka bukatar siffa ko ɗaya idan ka sami sunan da ya dace, domin sunan da kansa yana nuna abu ne mai maimaituwa. Saƙon tunatarwa “reminder” ne, ba “recall” ba, duk da cewa ƙamus yana ba da su biyun a ƙarƙashin “rappel” ta Faransanci. “Recall” ta fi zuwa wajen janye kaya daga kasuwa ko janye wasiƙar da aka riga aka aika. Saƙon da yake sanar da halin da ake ciki “update” ne. Wanda kake aikawa don bin sawun na baya da ba a amsa ba, wato “relance” a Faransanci, shi ne “follow-up”. Wanda waya ko banki yake turowa da kansa “notification” ne ko “alert”, kuma duk mai hulɗa da Kano ya san idan aka ce an ga alat, kuɗi ne suka shiga asusu. Wasiƙar labarai da ƙungiya take rarrabawa a kan lokaci “newsletter” ce.

Akwai kuma ma'ana ta dabam da mutane suke cakuɗawa da wannan, wato rubutu guda da kake yawan amfani da shi, kamar lambar asusunka ko kwatancen shago. Wannan “template” ne, kuma da wannan suna Gmail yake ajiye irinsa. A WhatsApp Business ana kiran su “quick replies”, kana fito da su ta hanyar danna alamar karkataccen layi a wurin rubutu. Idan kana son ka ambace su a jimla, “frequently used messages” ta fi dacewa da su. Saƙo ɗaya da aka aika wa mutane da yawa a lokaci guda “broadcast” ne a WhatsApp, inda jeri ɗaya yake ɗaukar lambobi har 256, ko “bulk SMS” idan ta layin waya ne. Wanda kuma ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, WhatsApp yana sa masa kibiya biyu da rubutun “Forwarded many times” idan ya ratsa zango biyar ko fiye, kuma tun watan Afrilu na 2020 ba a iya tura irinsa sai ga wuri ɗaya a lokaci guda. Wannan yawan turawa ne daga mutane dabam-dabam, ba yawan aikawa daga mutum ɗaya ba, don haka kada ka ari kalmar ka sa a inda ba gurbinta ba.

Mataki na 7: Ka gina jimlar

“Often” ba siffa ba ce, saboda haka babu “often messages”, kuma babu kalma “oftenly” a Ingilishi. Wurinta gaban aikatau ne, kamar a “We often send photos of the goods”, ko bayan “is” da “are”, kamar a “These messages are often sent at night”. Idan kana son siffa a gaban suna, ko dai ka ce “frequent messages” ko “frequently sent messages”, ba tare da karan ɗori tsakanin kalmomin ba. Aikatau ɗin “send” yana komawa “sent” ne, babu “sended”. Bayan “every” suna tilo ne yake zuwa, “every week”, sai idan an sa lamba, “every two weeks”. Sunayen ranaku da babban harafi ake fara su, saɓanin Faransanci, kuma “on Mondays” tana nufin kowace Litinin. “Information” ba ta ɗaukar jam'i, ko da bayanan sun kai ɗari.

Akwai kalma ɗaya da za ka riƙa gani a saƙonnin maƙwabtanmu, wato “severally”, kamar a “I called you severally”, ma'ana na kira ka sau da yawa. A Najeriya kowa ya gane ta, har ma babban ƙamus na Oxford ya shigar da wannan ma'ana a watan Janairu na 2020 cikin kalmomin Ingilishin Najeriya. Amma a wasu ƙasashe ma'anarta ita ce ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa, kuma a takardun shari'a aka fi samun ta. Idan Kano ko Katsina kake rubutawa babu laifi, idan kuwa wasiƙar za ta ƙetare teku, ka sa “several times”.

Mataki na 8: Ka gwada kafin ka aika

Ka ɗauki ƴar jimlar da ka zaɓa, ka sa ta tsakanin alamun zance a Google, ka karanta misalai biyar na farko, ka lura ko masu godiya ne suke faɗinta ko masu kuka. Sannan ka mayar da jimlarka Hausa da kanka ba tare da kallon ta Mataki na 2 ba, ka kwatanta su; idan wani ɗaci ya shigo wanda babu shi a ta farko, to kalmar ce ta kawo shi. Manhajar fassara tana taimakawa wajen nahawu, amma kada ka dogara da ita wajen wannan awo, domin takan mayar da “constant” da “regular” da “frequent” duk su zama abu guda. Idan babu intanet kuma babu wanda za ka tambaya, ka cire siffar gaba ɗaya ka sa lamba da rana a madadinta.

Haka muka yi a shagon Alhaji. Na sa yaron ya ƙirga, muka tarar mai kayan yana aiko da farashi ne kowace Litinin, Alhaji kuma yana so a ci gaba. Yaron ya goge siffofin nan biyu, ya rubuta da hannunsa: “Thank you for your weekly price updates. They are very useful to us. Please keep sending them every Monday.” Na ce ya ƙara layi ɗaya da zai nuna saƙon baya kuskuren kalma ne, sai ya sa “Sorry, our last message used the wrong words.” Na kuma sa ya kwafe jimlolin huɗu a shafin farko na kayensa, ya rubuta ma'anar kowacce da Hausa a gefenta. Litinin da ta biyo baya, kafin azahar, jerin farashin ya shigo wayar Alhaji.